Albert Namatjira: Mai zanen hamadar Ostareliya da aka ɗaure saboda kwalba guda

A watan Oktoba na shekarar 1958, wata kotu a garin Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar Ostareliya ta yanke wa wani dattijo mai shekaru 56 hukuncin ɗaurin wata shida da aiki mai tsanani. An same shi ne da laifin bai wa wani ɗan uwansa barasa. Shi dattijon doka ta ba shi izinin saye da sha, amma ta haramta wa ɗan uwan nasa, alhali ƙabilarsu ɗaya, harshensu ɗaya, kuma a zango ɗaya suke kwana.

Shekaru huɗu kafin wannan hukunci, dattijon ya gaisa da Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Kanbera, babban birnin ƙasar. Kwafin zane-zanensa kuwa suna rataye a falon dubban iyalai na Turawa, da makarantu, da ofisoshin gwamnati. Sunansa Albert Namatjira, kuma shi ne ɗan asalin Ostareliya na farko da sunansa ya zagaya duniya ta hanyar zane. Bai cika shekara guda ba bayan hukuncin ya rasu.

Garin mishan a tsakiyar hamada

An haife shi a ranar 28 ga watan Yuli na 1902 a Hermannsburg, wurin da mutanensa ke kira Ntaria, kimanin kilomita 125 yamma da Alice Springs. Wurin yana cikin yankin Arewa na Ostareliya, wanda faɗinsa ya ɗan ɗara na Jamhuriyar Nijar baki ɗaya. Ƙasa ce ta jan yashi da duwatsu, da koramu waɗanda ba sa gudu sai an yi ruwa mai yawa. Ƙabilarsa ita ce Arrernte ta Yamma, ɗaya daga cikin ɗaruruwan al'ummomin da ake kira Aborijin, waɗanda suka zauna a nahiyar aƙalla shekaru dubu 50 kafin Turawan Ingila su sauka a 1788.

Turawa ba su fara zama a tsakiyar hamadar ba sai wajen 1870, lokacin da aka ja wayar tangarahu daga kudu zuwa arewa. Bayan waya sai makiyaya suka biyo da garkunan shanu, suka mamaye idanun ruwan da ƴan ƙasa suka dogara da su. Wanda ya soki saniya saboda yunwa yakan gamu da bindiga. A cikin wannan hali ne wasu Jamusawa ƴan ɗariƙar Luther suka kafa mishan a Hermannsburg a 1877. Ga mutanen Arrernte da dama, mishan ya zama wurin samun gari da shayi da tsira daga harsashi, a madadin kuma aka nemi su bar al'adunsu su shiga coci.

Sunan yanka na yaron Elea. A watan Disamba na 1905 aka yi wa iyayensa baftisma, uban ya zama Jonathan, uwar ta zama Emilie, shi kuma aka sa masa Albert. Namatjira sunan mahaifinsa ne na gargajiya, ma'anarsa gara mai fiffike. Ya tashi a makarantar mishan, yana kwana a ɗakin yara maza, nesa da iyayensa. Da ya kai shekara 13 dattawa suka ɗauke shi zuwa daji na tsawon wata shida domin bikin shiga sahun manya, inda ake koya wa saurayi dokokin kakanni da labarin kowane dutse da kowace rijiya ta ƙasar ubansa. Don haka tun yana yaro ya riƙe karatu biyu, na fasto da na dattawa.

Yana da kimanin shekara 18 ya auri Ilkalita, ƴar ƙabilar Kukatja. Mutanen Arrernte sun kasa kansu gida takwas, kuma kowane gida yana da inda aka yarda ya yi aure. Ilkalita ba ta cikin gidan da aka halatta masa, sannan ba Kirista ba ce, wato auren ya saɓa wa dattawa ya kuma saɓa wa mishan. Sai ya gudu da ita. Ya yi shekaru yana aiki a gandayen shanu, yana kuma jan raƙuma tare da fataken da ake kira Afgan, Musulmi daga Afganistan da arewacin Indiya ta wancan lokaci, waɗanda su ne ke safarar kaya a hamadar kafin jirgin ƙasa ya iso Alice Springs a 1929. A 1923 ya koma Hermannsburg, aka yi wa matar baftisma da sunan Rubina, aka amince da auren. Ƴaƴansu takwas ne suka rayu, maza biyar, mata uku.

Allunan kakanni da kayan sayarwa

Zane ba baƙon abu ba ne ga mutanen hamada. Suna yin sa a kan yashi yayin ba da labari, da jikin masu rawa, da garkuwa, da bangon kogo, da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Mafi daraja a cikin kayansu shi ne tjurunga, wani allo mai tsawo na dutse ko na itace da aka sassaƙa wa da'irori da layuka. Kowane allo yana ɗauke da tafiyar wani kaka na farkon duniya, inda ya sauka, inda ya haƙa ruwa, inda ya rikiɗa ya zama dutse. Allon da waƙarsa da filin da yake magana a kai duk na mutum ɗaya ne ko na zuriya ɗaya, shi ya sa yake zama tamkar takardar shaidar mallakar ƙasa. Ana ɓoye shi a kogo, mata da yara ba sa ganinsa. Duk da haka, masu bincike da ƴan kasuwa sun kwashi irin waɗannan alluna da yawa zuwa gidajen tarihi na Ostareliya da Turai.

A ƙarshen shekarun 1920 aka yi wani mummunan fari. Dabbobin mishan suka mutu, ciwon da rashin ɗanyen abinci ke haddasawa ya kashe yara masu yawa. Fasto Friedrich Albrecht, wanda ya karɓi mishan a 1926, ya shiga neman abin da mutane za su riƙa yi da hannu su sayar wa baƙin da jirgin ƙasa ya fara kawowa. Aka soma sassaƙa sandunan jifa masu lanƙwasa, wato bumaran, da katakon cilla mashi da ake kira wumera, da ƴan faifai na itacen mulga, wani dangin bagaruwa. Ana yi musu ado da waya mai zafi, kamar yadda ake ƙona zane a jikin ƙwarya.

Nan ne hannun Albert ya fara bayyana. Kafin haka ya taɓa aikin ƙira da kafinta da kiwo, amma a wannan sana'a ya fi kowa. Yana zana dabbobi da furanni da ayoyin Linjila. A 1932 wani ɗan sanda mai sintiri a kan raƙumi ya ba shi kwangilar faifai goma sha biyu masu hoton ayarinsa, kowanne a kan sule biyar. Kayan yaƙi da farauta na kakanninsa sun koma tsarabar ƴan yawon buɗe ido, shi kuma ya gano cewa hannunsa na iya ciyar da gida.

Raƙuma a bakin darasi

A 1934 wasu masu zane biyu daga Melbon, Rex Battarbee da John Gardner, suka baje zane-zanensu na duwatsun yankin a ɗakin makarantar mishan. Mutanen gari suka yi ta shiga suna kallon ƙasarsu a kan takarda. Albert ya kalla, ya tambayi nawa ake sayar da irin wannan, sannan ya nemi a samo masa fenti da takarda. Gwajinsa na farko bai yi kyau ba, domin babu wanda ya nuna masa hanya.

Battarbee tsohon soja ne da aka ji wa mummunan rauni a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko, ya koyi zane bayan ya fito daga asibiti. Da ya dawo a 1936, sai suka ƙulla yarjejeniya: Albert zai ja masa raƙuma ya nuna masa wurare, shi kuma zai koya masa aiki da fentin da ake damawa da ruwa. Sun yi kimanin wata biyu a daji. Wannan shi ne duk karatun zanen da Albert ya taɓa yi.

Irin wannan fenti ba ya yafe kuskure. Idan launi ya hau takarda ba a goge shi, a zafin hamada kuma nan take yake bushewa. Farin da ake gani a hoto takardar ce aka bari ba a taɓa ba, don haka sai mai zane ya san inda haske zai faɗa tun kafin ya tsoma buroshi. Albert ya kama aikin da saurin da ya ba malaminsa mamaki. A 1937 Albrecht ya kai zanensa goma wani taron coci a kudancin ƙasar, Battarbee kuma ya saka uku a cikin nasa baje kolin a Adeled. A 1938 aka buɗe masa baje koli nasa na kansa a Melbon, zane 41, kuma cikin kwana uku aka saye su duka. Daga lokacin ne ya fara sa hannu da sunan mahaifinsa a bayan nasa. Shekara guda bayan haka gidan adana zane-zane na jihar Ostareliya ta Kudu ya sayi zanensa na dutsen Haasts Bluff.

Daga nan duk inda aka kai aikinsa, Sidni ko Adeled ko Brisben, sai ya ƙare. A 1944 sunansa ya shiga kundin fitattun mutanen ƙasar, a 1947 aka yi fim a kansa, a 1953 aka ba shi lambar naɗin Sarauniya, a 1954 aka kai shi Kanbera suka gaisa. A 1956 hoton fuskarsa da William Dargie ya zana ya lashe kyautar Archibald, wadda ta fi kowace kyautar zane suna a Ostareliya. A wannan shekarar wani kamfanin man fetur ya ba shi kyautar mota a Sidni, jama'a suka yi ta tururuwar ganinsa a titi. An ƙiyasta cewa ya zana hotuna kusan 2,000 a rayuwarsa.

Abin da masu suka ba su karanta ba

Wanda ya ga zanen Namatjira sau ɗaya zai gane shi a ko'ina. A gaba akwai itacen turare mai farin ɓawo, sau da yawa a gefe guda, da tabon da shekaru suka bar masa. A tsakiya akwai fili ko busasshiyar korama. A can nesa kuma jerin duwatsun MacDonnell, ja a kusa, shuɗi da shunayya a ƙarshen gani. Da wuya a ga mutum ko dabba a ciki.

Talakawan Turawa sun so shi, amma manyan masana zane da dama sun raina shi. Wasu sun ce kwaikwayon Battarbee kawai yake yi, wasu sun ce hotunan kalanda ne, kuma wasu manyan gidajen adana zane sun ƙi sayen aikinsa yana raye. Gwamnati kuwa ta mai da shi abin nuni, hujjar cewa manufarta ta narkar da ƴan asalin ƙasa cikin rayuwar Turawa tana aiki. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan fahimta guda, cewa mutumin ya ajiye nasa ya ɗauki na wasu.

Sai bayan shekaru da mutuwarsa masu bincike suka bi sawun wuraren da ya zana ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar ba ko'ina yake zanawa ba. Yana komawa ne ga dutsen Sonder da kwazazzabon Glen Helen na ɓangaren mahaifinsa, da kwarin Palm Valley na ɓangaren mahaifiyarsa, da yankin Haasts Bluff na dangin matarsa, yana maimaita su daga kusurwa daban-daban, da safe da yamma. Wuraren da allunan tjurunga ke ambata ne, waɗanda yake da hurumin magana a kansu. Ya nuna wa baƙo fuskar ƙasar da launin da baƙon ya saba da shi, ya bar da'irori da layukan asiri inda dattawa suka ajiye su. Babban baje kolin da gidan adana zane na ƙasa ya shirya a 2002, shekara ɗari da haihuwarsa, a kan wannan fahimta aka gina shi.

Ya koya wa ƴaƴansa Enos da Oscar da Ewald da Keith da Maurice, haka ma wasu maƙwabta irin su Walter Ebatarinja da ƴan gidan Pareroultja suka shiga sana'ar. Su ne ake kira makarantar Hermannsburg.

Kuɗi a hannu, babu wurin zama

Kuɗi sun shigo, amma ba su zauna ba. A dokar Arrernte abin da mutum ya samo na dangi ne, kuma wanda ya hana ɗan uwansa ya fita daga cikin mutane. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani da gida guda a wuyansa ya san nauyin wannan. Inda duk Albert ya sauka sai zango ya cika, shi ne abinci, shi ne sutura, shi ne mota. Hukumar haraji ita ma ba ta manta da shi ba, tana karɓar rabonta daga mutumin da ba shi da ƙuri'a.

A 1949 ya nemi hayar filin kiwo domin ya kafa wa ƴaƴansa garken shanu a ƙasar kakanninsa. Hukumomi suka hana. Yana da wani ɗan gida da ya gina kusa da mishan, amma ya bar shi bayan rasuwa a cikin iyali, kamar yadda al'adarsu ta tanada. A 1951 ya nemi gina gida a Alice Springs, nan ma aka hana, domin a lokacin ba a yarda ɗan asalin ƙasa ya kwana a cikin garin ba. Ƙarshenta ya koma Morris Soak, wani zango na bukkokin kwano da buhu a bakin busasshiyar korama a bayan gari. Daga nan ake zuwa a ɗauke shi zuwa liyafa a Sidni, a kuma dawo da shi.

Jaridun kudu suka yi ta kiran a ba shi ƴanci. A 1957 wata sabuwar doka ta fara aiki a yankin Arewa, wadda ta tanadi rajistar mutanen da aka ɗauka a matsayin ƴan riƙon gwamnati, wato waɗanda jami'i ne ke yanke musu inda za su zauna, da aikin da za su yi, da yadda za a taɓa kuɗinsu. An rubuta sunaye fiye da 15,000. An bar sunan Albert da na Rubina a waje, abin da jaridu suka kira ba su takardar zama ƴan ƙasa. Daga ranar yana iya jefa ƙuri'a, ya zauna inda ya so, ya sayi barasa. Ƴaƴansa da suka girma, da jikokinsa, da duk wanda ke cin tuwo ɗaya da shi, suna cikin rajistar. Doka ta ja layi a tsakiyar gidansa.

Shari'a da Papunya

Barasa ta fara yawo a Morris Soak, faɗace-faɗace suka ƙaru. A watan Agusta na 1958 aka kashe wata matashiya a zangon bayan an sha. Ba Albert ya kashe ta ba, amma alƙali ya ɗora masa alhakin shigo da giya, ya kuma gargaɗe shi. Ba a jima ba aka kama shi da zargin ya bar kwalba inda Henoch Raberaba, ɗan uwansa kuma abokin sana'arsa, ya ɗauka ya sha. Albert ya musanta cewa ya ba shi. Kotu ta yanke wata shida, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar ta tanada.

Hukuncin ya tayar da ƙura a manyan birane. Masu fafutuka a Melbon suka tara kuɗin lauya. A ɗaukaka ƙara aka rage zuwa wata uku, sannan a watan Maris na 1959 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Ministan yankuna, Paul Hasluck, ya ba da umarnin kada a kai shi gidan kaso na Alice Springs, ya yi zaman a Papunya, wani sabon sansani da gwamnati ta gina kimanin kilomita 240 arewa maso yammacin garin. Bayan wata biyu aka sallame shi.

Waɗanda suka gan shi a lokacin sun ba da labarin mutum da ya yi shiru, sha'awar zane ta fita daga ransa. Ya ci gaba da zama a Papunya tare da Rubina. A farkon watan Agusta zuciyarsa ta buga, aka garzaya da shi asibitin Alice Springs, ciwon huhu ya biyo baya. Ya rasu a ranar 8 ga Agusta na 1959 yana da shekara 57, aka binne shi a garin da aka hana shi gina gida.

Shari'arsa ta zama misalin da masu neman sauyi suka riƙa kafa hujja da shi. A 1964 aka soke tsarin ƴan riƙon gwamnati a yankin Arewa. A 1967 fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka amince, a zaɓen raba gardama, a riƙa ƙidaya ƴan asalin ƙasa cikin al'umma. A 1968 hotonsa ya hau tambur na aika wasiƙa. A 1982 aka mayar wa mutanen Arrernte filin Hermannsburg.

Abin da ya tsiro a inda aka tsare shi

Papunya wuri ne da gwamnati ta tara ƙabilu daban-daban, Pintupi da Luritja da Warlpiri da Anmatyerr, wasunsu an kwaso su daga can cikin hamadar yamma ba su taɓa zama a gari ba. Mutane fiye da dubu ne a cunkushe, ga cuta, ga mutuwar yara, ga kewar gida. A 1971, shekara 12 bayan rasuwar Namatjira, wani matashin malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya lura da zanen da yara ke yi a yashi, ya nemi a yi irinsa a bangon makaranta. Yara ba su da hurumin yin haka, sai dattawa suka karɓi aikin. Kaapa Tjampitjinpa, da Billy Stockman Tjapaltjarri, da Long Jack Phillipus Tjakamarra, da wasu, suka zana labarin tururuwar zuma, wadda ita ce kakar wurin.

Bayan bango sai suka koma kan duk abin da suka samu, guntayen katako, da murfin akwati, da tayil ɗin daɓe. Su ba su bi hanyar Namatjira ba. Sun zana ƙasa kamar ana kallonta daga sama, da alamomin yashi da na tjurunga. Da'ira cikin da'ira zango ne ko idon ruwa, layi hanya ce, alama mai kama da kofaton doki mutum ne a zaune, sannan ga sawun jimina da na kangaru. A wannan shekarar Kaapa ya yi tarayya a kyautar farko ta wata gasar zane a Alice Springs, a 1972 kuma masu zanen suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, wanda har yau mallakinsu ne.

Nan da nan suka ci karo da matsalar da Namatjira ya kauce wa. Allunan farko sun nuna kayan ibada da alamomin da bai kamata mace ko yaro ko baƙo ya gani ba, kuma dattawan wasu garuruwa suka fusata. Masu zanen suka fara cire irin waɗannan abubuwa, ko su lulluɓe su da ɗige-ɗige, salon da duniya ta san zanen hamada da shi a yau. Har yanzu akwai allunan farko da gidajen tarihi ke ajiye da su a rufe, ba a nuna su sai da izinin dattawa. Hukumomin sansanin kuwa sun shafe zanen bangon makarantar da fenti bayan ƴan shekaru.

Allunan da aka sayar da ƴan daloli a wancan lokaci sun zama dukiya. A 2007 an sayi wani babban zane na Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong a kan dalar Ostareliya miliyan 2.4. Shi Clifford Possum da sassaƙar itace ya fara, kamar Namatjira, kuma tun yana saurayi ya san dattijon a yankin Glen Helen. Mutanen Papunya sun ga da idonsu cewa baƙar fata na iya rayuwa da fenti, sun kuma ga abin da aka yi masa.

Gadon da aka sayar

Akwai sauran magana guda. A 1957 Namatjira ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin buga hotuna na Sidni, Legend Press, wanda ke buga kwafin aikinsa yana biyan wani kaso. Bayan rasuwarsa kason ya ci gaba da zuwa ga iyali. Rubina ta rasu a 1974. A 1983 ofishin gwamnati mai kula da gadon mamata a yankin Arewa ya sayar wa kamfanin haƙƙin mallakar zane-zanen gaba ɗaya a kan dala 8,500, ba tare da an tuntuɓi iyalin ba. Daga ranar kuɗi suka tsaya. Jikokinsa, waɗanda da yawansu ke zaune a zangunan bayan garin Alice Springs, sun shafe shekaru 34 ba su da iko a kan ko hoto ɗaya na kakansu.

An yi ta fafutuka da wasan kwaikwayo da fim da takardun koke. A watan Oktoba na 2017, bayan attajiri Dick Smith ya shiga tsakani, kamfanin ya mayar da haƙƙin ga wata gidauniya ta iyalin a kan dala ɗaya.

A shekarar da aka sayar da gadon, 1983, aka haifi wani tattaɓa-kunnensa mai suna Vincent Namatjira. Ya tashi a hannun masu riƙo a yammacin ƙasar bayan rasuwar mahaifiyarsa, sai da ya girma ya koma Hermannsburg neman danginsa, a can ya ga ƴan uwansa na zane. A 2020 ya zama ɗan asalin ƙasa na farko da ya lashe kyautar Archibald tun da aka kafa ta a 1921. Sauran jikokin kuma suna da cibiyarsu a Alice Springs mai suna Iltja Ntjarra, wato hannaye da yawa, inda suke ci gaba da zana dutsen Sonder da farin itacen turare da fentin ruwa.